Izinin gini da ƙananan 'yan kasuwa a Ingila: tarihin kwamitocin bincike

Tun ranar 1 ga Yuli 1948, lokacin da dokar tsara birane da karkara ta 1947 ta fara aiki, mallakar fili a Ingila ta daina ba mutum ikon gina abin da ya ga dama. A wancan lokaci wanda zai ɗora bulo, ko ya mayar da shago gidan abinci, sai ya nemi izinin ƙaramar hukuma, ita kuma ta auna kowace buƙata da idonta. Dokar ta yi aiki babba wajen hana birane cinye gonaki, amma ta tura mai gasa burodi da kamfanin da ke gina gidaje dubu ta ƙofa ɗaya. Kamfani yana da lauyoyi da masu zanen gini da kuɗin jira. Mai burodi kuwa haya yake biya a kan shago rufaffe har ranar da amsa za ta fito.

Gwamnatoci sun san da wannan tuntuni. A 1975 lauya George Dobry ya miƙa rahotonsa, inda ya ba da shawarar a raba takardun neman izini gida biyu, ƙanana marasa rigima a sallame su da wuri, manya a zauna a kansu. Gwamnati ba ta karɓi rabon ba. A 1981 aka fara cajin kuɗin neman izini, a 1985 gwamnatin Margaret Thatcher ta fitar da takardar manufa kan sauke wa 'yan kasuwa nauyin ƙa'idoji. A 2006 Kate Barker ta sake duba tsarin ba da izinin. A Nuwamba 2008 Joanna Killian, shugabar ma'aikatan gundumar Essex, da David Pretty, tsohon shugaban kamfanin gine-gine na Barratt, suka kawo nasu rahoton: a rage tarin takardun da ake nema daga mai ƙaramin aiki, a kuma faɗaɗa gyare-gyaren da za a yi ba tare da izini ba. Shekara 33 tsakanin Dobry da su, ciwon da suka gano kusan ɗaya ne.

A ganina dalilin maimaicin shi ne kwamitocin sun fi kallon takarda fiye da wanda zai karanta ta. Ƙa'ida ta ce a yanke hukunci kan ƙaramar buƙata cikin mako 8, babba cikin mako 13, amma wa'adi ba ya duba fayil, ma'aikaci ne ke dubawa. Ofishin babban mai binciken kuɗin gwamnati ya gano a 2019 cewa abin da ƙananan hukumomi ke kashewa daga aljihunsu kan aikin tsara gari ya ragu da kusan kashi 38 cikin 100 tsakanin 2010 da 2018. Idan ma'aikata suka yi ƙaranci, fayil ɗin da ba shi da mai bibiya ne ke kwana a ƙasa, kuma na ƙaramin ɗan kasuwa ke nan.

Wani zai ce to a soke neman izinin mana, kowa ya huta. Maganar tana da ƙarfi, domin a Satumba 2020 an haɗa shaguna da gidajen abinci da ofisoshi a rukuni ɗaya, mai shago ya samu damar sauya sana'a ba tare da jiran kowa ba, kuma wannan sauƙi ne na gaske. Sai dai an gwada sakin linzami a wani fagen an ga sakamakonsa. Daga 2013 aka yarda a mayar da ofisoshi gidajen kwana ba da cikakken izini ba, binciken da gwamnati ta sa aka yi a 2020 kuma ya nuna kashi 22 cikin 100 kacal na irin waɗannan gidaje suka kai girman da ƙa'idar ƙasa ta tanada. Masu manyan gine-gine ne suka ci ribar, yayin da ƙananan kamfanoni da dama suka rasa ofisoshi masu arha da suke haya.