Buhari Ɗan Abdussalami da Kafuwar Jega

Jama'a, Hausawa sun ce kyan ɗa ya gaji ubansa. To, amma ɗan wanda ya ja mutane ga sauya zamani gado biyu yake tararwa, watau girman uban da kuma rigimar uban. Bari mu duba labarin Buhari, wanda ya kafa Jega, mu ga wanne ya ɗauka.

Ubansa Malam Abdussalami Ba'are ne, yana cikin manyan almajiran Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Zamanin Sarkin Gobir Nafata ya ƙaura da jama'arsa zuwa Gimbana, cikin ƙasar Kabi. A ƙarshen 1803 rundunar Yunfa ta fāɗa wa garin, ta kama mutane. Da aka bi da su kusa da Ɗegel, jama'ar Shehu suka kwance su. Wannan ne ya jawo hijira zuwa Gudu a 1804, sa'an nan jihadi ya tashi.

Ashe kuwa gidan da Buhari ya fito gida ne na allo da tawada, kuma na ƙaura da yaƙi. Bayan an ci nasara Abdussalami ya zauna Kware, yana ganin rabon da aka ba shi bai kai wahalarsa ba. Da Shehu ya rasu a 1817, sai ya saɓa da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Aka yi ta aike da wasiƙu, abin bai gyaru ba. A farkon 1818 aka ci Kware, ya fita da rauni, ya rasu a Bakura. Saura daga cikin mutanensa suka taru a Kalambaina, nan ma Malam Abdullahi da Bello suka haɗu suka ci su.

Ku duba fa, sau biyu ana cin garin ubansa: na fari Gobirawa suka ci, na biyu 'yan'uwan tafiya. Wani ɗan da ya ga haka, ramuwa zai sa gaba har ya halaka sauran dangi. Buhari kuwa ya bi Gwandu, aka yardar masa ya kafa Jega a bakin gulbin Zamfara wajen 1820. Gimbanawa da suka watse suka sami wurin zama, kasuwar garin ta kasaita har ta shiga cikin manyan kasuwannin daular, fatake na zuwa daga nesa. Sarautar garin kuwa ita ce Sarkin Kabin Jega.

Abin da muke so masu karatu su lura shi ne, uba ya yi suna wajen tayar da jama'a, ɗa kuma ya yi nasa wajen zaunar da su, ko wanne da lokacinsa. Allah ya jiƙan magabata, ya ba mu 'ya'ya masu hangen nesa, amin.