Elizabeth Anscombe da Digirin Truman: Tarihin Wata Hujja a Kan Jinin Farar Hula

Gabatarwa

A shekarar 1956 Jami'ar Oxford ta Ingila ta yanke shawarar bai wa tsohon shugaban Amurka, Harry Truman, digirin girmamawa. A al'adar jami'ar akan gabatar da irin wannan shawara gaban majalisar malamai, su kuma su amince ba tare da muhawara ba. A wannan karon wata malamar falsafa mai shekara 37, Elizabeth Anscombe, ta miƙe ta ce ba ta yarda ba. Hujjarta ita ce mutumin da ake shirin karramawa shi ne ya ba da izinin jefa bam ɗin ƙare-dangi a kan biranen Hiroshima da Nagasaki, kuma zaɓen kashe marasa laifi don cimma wata manufa kisan kai ne, komai girman manufar. Mutum uku kacal suka mara mata baya, aka kuma bai wa Truman digirinsa a watan Yuni. Sai dai wannan kaye da ta sha shi ne mafarin rubuce-rubucen da suka sauya alƙiblar falsafar ɗabi'a a ƙasashen da ke magana da Ingilishi. Tarihin aikinta yana nuna yadda mas'ala guda ta yaƙi ta tilasta wa mai ilimi komawa ga tushe, wato ma'anar niyya da asalin wajibi.

Tasowarta da ƙasidar 1939

An haifi Gertrude Elizabeth Margaret Anscombe a birnin Limerick na ƙasar Ireland a 1919, lokacin da mahaifinta ke aikin soja a can. Ta shiga Kwalejin St Hugh's ta Oxford a 1937, ta karanci adabin Girka da Rum tare da falsafa, a nan ne kuma ta shiga ɗariƙar Katolika. Daga wannan ɗariƙa ta gaji tsohuwar koyarwar yaƙin adalci, wadda ta taso daga Augustine, Thomas Aquinas ya tsara ta a ƙarni na 13.

Da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke a watan Satumba na 1939, ita da wani ɗalibi ɗan'uwanta, Norman Daniel, suka wallafa wata ƙasida da ta auna shigar Birtaniya yaƙin bisa sharuɗɗa bakwai: a sami dalili na adalci, hukuma halattacciya ta ayyana yaƙin, niyya ta kasance tsarkakakkiya, hanyoyin yaƙin su zama halattattu, ya zama babu wata mafita, a sami kyakkyawan zaton nasara, sannan alherin da ake tsammani ya rinjayi sharrin. Ba su musa cewa Jamus ta zalunci Poland ba. Abin da suka ce shi ne manufofin gwamnatin Birtaniya ba su da iyaka bayyananniya, kuma alkawarin da ta yi na kauce wa farar hula ta rataya shi ne a kan abin da abokin gaba zai yi, wanda ke nufin a shirye take ta kashe su idan ta ga hali. Hukumomin cocin ba su ji daɗin yadda ɗaliban suka kira ƙasidar ra'ayin Katolika ba tare da izini ba, aka janye ta. Norman Daniel shi ne wanda daga baya, a 1960, ya rubuta Islam and the West, sanannen littafin da ya bibiyi yadda Turawan tsakiyar zamani suka ƙirƙiro mummunar surar Musulunci.

Abin da ɗaliban biyu suka hango ya tabbata. A watan Fabrairu na 1942 aka umarci rundunar jiragen yaƙin Birtaniya ta mayar da hankali ga karya ƙwarin guiwar jama'ar Jamus, aka shiga ruwan bama-bamai a kan unguwanni. An ƙone Hamburg a Yulin 1943, Dresden a Fabrairun 1945. A watan Maris na 1945 jiragen Amurka suka cinna wa Tokyo wuta, kimanin mutum 100,000 suka halaka a dare guda. Ranar 6 ga Agusta aka jefa bam a Hiroshima, ranar 9 a Nagasaki. An ƙiyasta cewa kafin ƙarshen shekarar mutum kusan 140,000 sun mutu a birni na farko, kimanin 70,000 a na biyu.

A waɗannan shekaru Anscombe ta auri masanin manɗiƙi Peter Geach a 1941, ta koma Cambridge a 1942, ta zama almajirar Ludwig Wittgenstein. Da ya rasu a 1951 ya bar mata amanar rubuce-rubucensa tare da wasu mutum biyu, ita ce kuma ta fassara babban littafinsa na ƙarshe daga Jamusanci zuwa Ingilishi a 1953. Tun 1946 tana bincike da koyarwa a Kwalejin Somerville ta Oxford.

Hujjarta a kan Truman

Bayan ƙuri'ar 1956 ta buga ƙasidar da ta sanya wa suna Mr Truman's Degree. Ƙarfin ƙasidar yana cikin abin da ta sallama wa abokan hamayyarta. Masu kare Truman suna cewa da an mamaye Japan ta ƙasa, kamar yadda aka tsara farawa a Nuwamban 1945, da an yi asarar rayuka fiye da waɗanda bam ɗin ya ci. Anscombe ta yarda cewa a cikin yanayin da aka shiga, mai yiwuwa ne bam ɗin ya ceci rayuka masu yawa. Sai ta tambayi wanda ya samar da yanayin. Tun taron Casablanca na Janairun 1943 ƙasashen ƙawance suka ɗaura aniyar cewa ba za su karɓi komai ba sai miƙa wuya ba tare da sharaɗi ba, kuma sanarwar Potsdam ta Yulin 1945 ba ta faɗi makomar Sarkin Japan ba. A ganinta, wanda ya ɗora wa kansa manufa marar iyaka ba shi da bakin cewa larura ce ta tilasta masa hanya marar iyaka.

Daga nan ta fayyace wanda ake kira marar laifi a yaƙi. Kalmar a wurinta tana nufin wanda ba ya cutarwa a halin da ake ciki, ko da kuwa zuciyarsa na tare da azzalumi. Sojan da aka tilasta wa ɗaukar makami yana cikin masu cutarwa, don haka ana iya yaƙarsa. Manomin da ke noma alkama, da tsoho, da jariri, ba sa ciki. Ta amince cewa akwai waɗanda matsayinsu ke da shubuha, amma ta ce wahalar shata iyaka ba ta halatta shafe gari sukutum. Ta kuma yi watsi da uzurin cewa Truman hannu kawai ya sa a takarda alhali wasu ne suka ƙera bam ɗin, domin wanda ya ba da umarni shi ke da aikin.

Daga yaƙi zuwa niyya

Abin da ya fi damun Anscombe shi ne yadda malamai masu ilimi suka kasa ganin abin da ta ɗauka a fili yake. Ta fahimci cewa ba za a iya kiran wani aiki kisan kai ba sai an san abin da ke sa aiki ya zama na ganganci. Wannan ne ya haifar da ɗan ƙaramin littafinta Intention, wato niyya, na 1957. A ciki ta nuna cewa aikin ganganci shi ne wanda za a tambayi mai shi dalilin yin sa, ya ba da amsar da ke bayyana manufarsa. Ta kawo misalin mutumin da ke buga famfo yana tura ruwa mai guba zuwa wani gida. Yana motsa hannu, yana buga famfo, yana cika tanki, yana kashe mazauna gidan. Motsi ɗaya ne, amma yana da siffofi da dama, kowace siffa tana zama hanya zuwa ta gaba. Haka sa hannun Truman yake: tawada ce a kan takarda, kuma umarni ne na halaka birni. Masanin falsafa Donald Davidson ya ɗauki littafin a matsayin mafi muhimmancin abin da aka rubuta a kan aikin ɗan Adam tun bayan Aristotle.

A 1958 ta wallafa maƙalar Modern Moral Philosophy, inda ta kafa da'awa uku. Ta farko, babu amfanin ci gaba da falsafar ɗabi'a sai an fahimci ma'anar aiki da niyya da halin kirki. Ta biyu, kalmar wajibi da masana zamani ke amfani da ita gado ce daga zamanin da Turawa suka yi imani da shari'ar Ubangiji. Sun bar imani da Mai shari'a, sun riƙe lafazin, ya zama hukunci ba tare da mai hukunci ba. Ta uku, fitattun masana ɗabi'a na Ingila tun daga Henry Sidgwick bambancinsu kaɗan ne, domin duk sun yarda cewa babu aikin da ba zai halatta ba idan sakamakon barinsa ya yi muni ƙwarai. Ita ce ta ƙirƙiro wa wannan mazhaba ta auna aiki da sakamakonsa suna a Ingilishi, sunan da ake amfani da shi har yau. Ta ɗora laifin a kan Sidgwick, wanda ya daidaita abin da mutum ya nufa da abin da ya hango kawai zai biyo baya. Idan aka shafe wannan bambanci, hani na dindindin ya rushe, sai lissafin riba da asara. Daga wannan maƙala ne aka farfaɗo da nazarin kyawawan halaye irin na Aristotle, wanda ƙawarta Philippa Foot, ɗaya daga cikin ukun da suka goyi bayanta a 1956, da Alasdair MacIntyre suka faɗaɗa.

A maƙalar War and Murder ta 1961 ta juya kan ɓangarori biyu. Ta soki masu haramta yaƙi ɗungurungum, tana cewa koyarwarsu ta sa mutane sun daina bambance jinin mayaƙi da jinin marar laifi, har wanda ya ga ba makawa sai ya yi yaƙi ya ɗauka cewa tunda ya riga ya shiga haram, babu sauran iyaka. Ta kuma soki 'yan ɗariƙarta masu wasa da ƙa'idar sakamako biyu, wadda ke bambance ɓarnar da aka nufa da wadda ta zo a gefe. Matuƙin jirgin da ya auna masana'antar makamai, wasu farar hula suka mutu, hukuncinsa daban da na wanda ya auna unguwa don ya firgita gwamnati. Amma niyya ba magana ce da mutum zai raya a ransa don ya wanke kansa ba. Ana gane ta daga hanyar da ya zaɓa.

Inda hujjar ta haɗu da fiƙihu

Ɗalibin usulul fiƙihi zai gane wannan mas'ala. A cikin al-Mustasfa, Imam al-Ghazali ya tattauna batun tatarrus, wato abokan gaba su yi garkuwa da fursunoni, ya kuma ƙuntata halaccin harbi da sharuɗɗa uku: maslahar ta zama ta larura, tabbatacciya, kuma ta game al'umma baki ɗaya. Ya hana hakan idan ganuwa ce kawai ake son ci, domin babu larura, ya kuma hana jefa mutum ɗaya a teku don a ceci sauran mutanen jirgi. Tambayar da ya yi wa masu neman cin ganuwa ita ce Anscombe ta yi wa masu neman miƙa wuya marar sharaɗi: shin manufar da kanta dole ce? Haka nan da'awarta cewa wajibi ba ya tsayuwa sai da mai wajabtawa tana kusa da matsayin Ash'ariyya a muhawararsu da Mu'utazila kan kyau da muni. Bambancin shi ne al-Ghazali ya bar ƙofa ƙunƙuntacciya ga larura mafi tsanani, ita kuwa ta rufe ƙofar nufin kashe marar laifi gaba ɗaya.

Kammalawa

Ba kowa ya karɓi tsaurinta ba. Michael Walzer, a littafinsa Just and Unjust Wars na 1977, ya yarda da ita cewa Hiroshima ba ta da hujja, amma ya ce idan al'umma na fuskantar shafewa, kamar Birtaniya a farkon yaƙi da Hitler, shugabanni na iya keta hanin. Wasu kuma suna ganin bambancin nufi da hange yana da sauƙin murɗawa a bakin janar-janar. Duk da haka, ƙarin yarjejeniyar Geneva na 1977 ya tafi a kan irin wannan rarrabewa: ya haramta auna farar hula, ya haramta ɗaukar gari guda a matsayin abin hari ɗaya, ya kuma hana harin da ɓarnarsa ta gefe ta zarce amfanin soja.

A 1970 aka naɗa Anscombe a kujerar farfesan falsafa ta Cambridge, wadda malaminta Wittgenstein ya taɓa riƙewa, ta zauna a kai har ta yi ritaya a 1986. Ta rasu ranar 5 ga Janairu 2001, aka binne ta a maƙabarta ɗaya da shi. Saɓanin da ke tsakaninta da Walzer, wato ko tsananin larura na iya halatta nufin jinin wanda bai ji ba bai gani ba, har yanzu ana karantar da shi a jami'o'i da makarantun horar da hafsoshin soja, kuma masana ba su haɗu a kan amsa ɗaya ba.