Sabuwar ƙwallo tana ƙara maki a wasan bolin? Ga abin da tarihi ya nuna 🧵

1/ Kwanaki muka je buga bolin a Abuja, na ragargaza wani abokina. Maimakon ya karɓi kaye, sai ya ce ai ƙwallayen gidan ne ba su da kyau, zai yi odar tasa daga waje. Dariya na yi masa. Da na bi tarihin wasan, sai na ga ashe yana da ɗan gaskiya. Ɗan kaɗan fa. Ku biyo ni 👇

2/ Ga wanda bai san wasan ba: kana gangara ƙwallo mai nauyi a kan layi mai tsawon ƙafa 60, ta je ta kayar da sanduna 10 masu kama da kwalabe. Ka kwashe su duka da jifa ɗaya, ka yi sitiraik. Ka jera sitiraik 12, ka samu 300, makin da babu sama da shi.

3/ Sirrin shi ne, wadda ta tafi a miƙe ba ta cika kwashe goman ba. Wadda ta lanƙwaso daga gefe ta shiga tsakanin sanda ta 1 da ta 3 (ga mai hannun dama) ita ke ɓarna. Ana kuma shafa wa layin mai, kusan ƙafa 40 na farko. Duk rigimar ƙwallo a kan abu ɗaya take: yaya za ta kama layi ta lanƙwasa?

4/ Da can da itace mai tauri ake sassaƙa ta. A 1905 aka fitar da Evertrue, ta roba mai tauri, sannan kamfanin Brunswick ya kawo Mineralite a 1914. Roba ta yi mulki shekaru da dama, har filastik ya shigo wajen 1960. Matsalar filastik santsi. A kan mai sai dai ya zame.

5/ Nan Don McCune ya shigo labari, ɗan wasa a gasar ƙwararrun Amurka, PBA. A 1973 ya gano in ya jiƙa ƙwallon filastik a sinadarin MEK, fatarta na yin laushi ta kama layi. A shekarar ya ci kofi 6, ya zama gwarzon shekara. Duk rayuwarsa kofin PBA 8 ya ci. Shida a shekarar jiƙo 😅

6/ Da asiri ya tonu, kowa ya koma jiƙo. Dole hukumomi suka kafa dokar mafi ƙarancin taurin da ƙwallo za ta yi, ana auna shi da na'ura. Kun ga tun a lokacin an yarda kayan aiki na iya sauya sakamako. In ba haka ba, me ya kawo doka?

7/ Kamfanoni suka ɗauki darasi: abin da McCune ya yi da sinadari, su za su yi a masana'anta. Farkon shekarun 1980 aka kawo fatar yuretan. Farkon 1990 kuma aka kawo riyaktif, fata mai ƙananan ƙofofi da ke tsotse mai. Tana sulalewa a kan mai, da ta taka busasshen wuri sai ta karya kwana.

8/ Ga lissafi. A kakar 1968/69, hukumar ABC ta Amurka ta amince da wasa 905 na maki 300. A kakar 1998/99, 34,470. Kuma a lokacin masu rajista raguwa suke yi, ba ƙaruwa ba. Abokina zai ce “ka gani ko?” To, dakata malam.

9/ Rabin labarin a ƙasa yake. Masu gidajen wasa sun san kwastoman da ya ci maki zai dawo gobe. Sai su zuba mai da yawa a tsakiya, gefe kuma kaɗan. Ka yi kuskure waje, busasshen gefe ya dawo maka da ita. Ka yi kuskure ciki, mai ya riƙe ta. Layin da kansa ke gyara maka jifa.

10/ Shi ya sa labarin Glenn Allison ke ba ni tausayi. Ran 1 ga Yulin 1982, a La Habra ta Kalifoniya, ya buga 300 sau uku a jere, maki 900 cif. ABC ta ƙi amincewa, ta ce shafin man layin ya saɓa ƙa'ida. Sai a 1997 aka amince da 900 na farko, na Jeremy Sonnenfeld a Nebraska, a zamanin riyaktif.

11/ Abin da ya fi ba ni mamaki: ƙwararrun yau na yawo da jakunkuna cike da ƙwallaye, amma in sanda ɗaya ta rage a kusurwa, da yawansu filastik suke ɗauka. Eh, tsohon yayin nan mai santsi, saboda yana tafiya a miƙe. A wajen matsakaicin ɗan wasa kuwa, a kwashe ragowar nan maki ke zubewa, kuma ba a sayar da saiti a shago.

12/ To a saya ko kar a saya? In ƙwallon gida kake amfani da ita, mallakar taka na taimakawa sosai. Ta gida filastik ce, ramukanta na kowa da kowa ne, dole ka matse yatsu kar ta suɓuce. Taka kuwa daidai hannunka za a huda, nauyin ma kai za ka zaɓa.

13/ Amma daga ta farko zuwa ta biyu, ribar ta ragu. Riyaktif na ƙara wa juyin da hannunka ya ba ta ƙarfi ne kawai. In ba ka iya juya ta ba, ka biya wajen dala 200 don ta tafi a miƙe kamar ta gida. In kuma saitinka na rawa, za ta ƙara faɗaɗa kuskuren. Ko McCune sai da ya zama ƙwararre kafin jiƙo ya yi masa rana.

14/ Shawarar da na ba abokina: ya riƙe kuɗinsa, da canjin dalar nan, ya buga wasa 30 yana rubuta sau nawa ya bar sanda ɗaya a tsaye. In adadin ya sauka sosai, ni zan raka shi odar. Ya ce Asabar za mu sake karawa. Zan kawo muku sakamako, in sha Allah 🎳