Kai Yara Kallon Birnin Kano: Tarihin Wata Al'ada

Kai yara kallon babban birni a ƙarshen hutu al'ada ce da ta tsiro daga zumunci da yawon Sallah. A ƙasar Hausa ta dā ba a yin tafiya don kallo kawai. Fatauci, neman ilimi, ziyarar dangi ko aikin Hajji ne ke fitar da mutum daga gida, kallo kuwa riba ce da ake samu a kan hanya. Ga mutanen Kwatarkwashi, Tsafe, Bunguɗu da Gusau, birnin da ya fi jan hankali shi ne Kano, domin can fatakensu ke kai kaya, can kuma almajiransu da yawa ke zuwa karatu.

Kafin zuwan mota yaro ba ya cikin irin wannan tafiya, sai dai in almajiri ne da ke bin malaminsa. Abin kallonsa yana gida. Dutsen Kwatarkwashi da garin ke zaune a gindinsa ya ishi idon yaro, balle lokacin bikin kamun maiki da ke tara jama'a daga garuruwan kewaye. Hanya ce ta sauya lamarin. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, layin da ya tashi daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau kuma ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Daga baya titin kwalta ya bi ta Kwatarkwashi da Tsafe zuwa Funtuwa, tafiyar kwanaki ta koma ta yini guda. Sai makarantar boko ta kawo abin da babu shi a dā, wato hutu mai ranar farawa da ranar ƙarewa, wanda ake tura yara gidan goggo ko kawu su yi.

Abin da aka fara kai yara gani shi ne hawan Sallah. Bayan hawan Idi akwai Hawan Daushe, inda sarki ke zuwa Babban Ɗaki gaida mahaifiyarsa, sai Hawan Nasarawa da ya samo asali daga gaisuwar da sarki ke kai wa Razdan a zamanin Turawa, wanda yanzu ake kai wa gwamna. Wannan kallo ba ya buƙatar ko kwabo. Uba kan ɗora ɗansa a wuya ya nuna masa 'yan lifidi da dogarai da masu algaita, yana faɗa masa sarautar kowane hakimi da ya wuce. A nan yara da yawa suka fara koyon tarihi, kuma da wuya aji ya koyar da shi da irin wannan armashi. A watan Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake adanawa.

Sauran wuraren kallo sun tsufa kafin a mai da su na baƙi. Dutsen Dala, mazaunin Barbushe da tsafin Tsumburbura, jama'a kan hau shi ranar Takutaha, mako guda bayan Maulidi, daga samansa kuwa ana hangen tsohon birni gaba ɗaya. Gidan Makama an gina shi ne a ƙarni na 15 domin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Turawa sun zauna a ciki bayan sun ci Kano a 1903, yau kuma gidan tarihi ne. Kasuwar Kurmi ma ta zamanin Rumfa ce. Akwai kuma marinar Ƙofar Mata da ragowar badala.

Wurin da aka gina musamman domin kallo shi ne gidan namun dajin da gwamnatin Audu Baƙo, gwamnan Kano daga 1967 zuwa 1975, ta samar a farkon shekarun 1970. Da shi ne tikiti ya shigo cikin al'adar. Yaron da ya san kura da zaki a tatsuniya kaɗai ya gan su ido da ido, kuma har yau da Sallah gidan kan cika maƙil. A kan titin gidan namun dajin aka buɗe katafaren rukunin kantuna na Ado Bayero a 2014, inda lilo da ɗaukar hoto da waya suka fi tarihi kasuwa.

Ranar ƙarshe ta hutu galibi ta kasuwa ce. A Kantin Kwari ake yanko yadin kayan makaranta, a Sabon Gari a sayi jaka da takalmi, sannan a haɗa tsarabar mutanen gida.

Ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996 ya mai da Gusau babban birni, iyalai da yawa suka taƙaita yawonsu a can. A shekarun baya-bayan nan kuma hare-haren 'yan bindiga a titin Gusau zuwa Funtuwa sun sa iyaye na jin tsoron ɗaukar yara su yi doguwar tafiya, masu yi kuwa sukan fita da hantsi domin su isa kafin la'asar. A Kano ma an dakatar da hawan Sallah a 2020 saboda annobar korona, aka sake hana shi a 2024 da 2025 sakamakon rikicin sarauta.