Kabu-kabu Kafin Kamyo: Inda Tawa Za Ta Fara Rage Hayaƙi

Muhawarar raba sufuri da man fetur ta fi zafi a kan jiragen ruwa. A 2020 hukumar IMO mai kula da sufurin teku ta rage sinadarin sulfa da aka yarda da shi a man jirage daga kashi 3.5 zuwa 0.5 cikin ɗari, a 2023 kuma ta ɗauki alkawarin kawar da hayaƙi mai ɗumama duniya zuwa wajen 2050. Tawa ba ta da teku. Kayan da aka sauke a Kwatano ko Lome a bayan kamyo suke isowa nan yankin Adar, saboda haka namu rabon hayaƙin a kan titi yake. Ra'ayina shi ne, abin da zai yiwu a nan kusa kabu-kabu mai batir ne, ba manyan motoci ba.

Za a ce ƙurar hunturu ta fi kowane salansa ɓata iskar garin. Gaskiya ne. Amma ƙura da lokacinta, kuma ba mu da iko da ita, shi ko hayaƙin moto kullum ne, daidai hancin yaro mai talla da na ɗan kabu-kabun da ke wuni a bakin tasha.

Aikin kabu-kabu ya dace da batir. Tafiyarsa gajera ce, daga kasuwa zuwa asibiti ko Jami'ar Djibo Hamani, kuma wurin tsayawarsa sananne ne. Batirin moto mutum ɗaya na ɗaga shi, a musanya wanda ya ƙare da cikakke cikin 'yan mintoci, kamar yadda kamfanin Spiro ke yi a Benin da Togo. Lissafin kuɗi ma ya juya. Shekara da shekaru man ruwa-ruwa da ake tsallakowa da shi ta Kwanni ne ya riƙe wannan sana'a; da Najeriya ta janye tallafin mai a watan Mayu 2023 arahar ta ƙare, layukan gidajen mai na Maris 2025 kuma suka nuna cewa matatar SORAZ ita kaɗai ba ta wadatar da ƙasa.

Matsalar tana ga wuta. Kafin juyin mulkin 2023, kusan kashi 70 cikin ɗari na lantarkin Nijar daga Najeriya yake zuwa, a watan Agusta na shekarar kuma aka katse shi. Wanda ya ga wannan duhu ba zai jingina abincin iyalinsa da layin Nigelec ba. Dole wuraren cajin su tsaya da ƙafarsu a kan hasken rana, abin da tashar Malbaza mai megawat 7 ta tabbatar tun 2018 cewa yana aiki a ƙasarmu. Zafin bazara na rage ƙarkon batir, ƙura na dushe faifan sola, don haka rumfa da mai shara suna cikin jarin tun farko. In kuwa da kwal ɗin Salkadamna za a yi cajin, an dai kwashe hayaƙin daga birni an kai wa mutanen karkara.

Kamyo daban ne. Motar da ta ɗauko simintin Malbaza ko albasar Galmi, ko wadda ta kama hanyar Abalak zuwa Agadas da Arlit, ba ta da inda za ta yi caji, nauyin batirin ma zai cinye wurin kaya. Abin da ya rage nan shi ne gazuwal mai tsabta da hana shigo da motocin da suka tsufa tuɓus. Ƙungiyar CEDEAO ta tsai da irin wannan ƙa'ida a 2020. Tunda Nijar ta fice daga cikinta a Janairun 2025, ya wajaba ƙasashen ƙawancen Sahel na AES su kafa tasu.

Saura kuɗin sayen moton. Da yawa daga cikin matasan nan ba su ne masu abin hawan ba, kowace yamma suna kai wa mai shi kuɗin yini. Da wannan tsarin za a iya biyan moto mai batir kaɗan-kaɗan, muddin hukumar birni ta ba da filin caji kusa da tashoshi, gwamnati kuma ta sassauta kuɗin kwastan a kan batir da faifan sola.