Iyaye da Karatun Matasa: Inda Dokar UBE ta Tsaya

Dokar Ilimin Bai-Ɗaya ta 2004, wato UBE, ta wajabta wa kowane mahaifi ko mariƙi a Najeriya ya tabbatar ɗansa ya kammala firamare da ƙaramar sakandare, shekara tara kyauta. Wanda ya ƙi, karon farko tsawatarwa ce. Na biyu, tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya. Tara ce da ba ta razana kowa a yau.

Giɓin yana bayan aji uku. Yaro na kusan shekara 15, wajibcin ya ƙare. Babbar sakandare, koyon sana'a, ko aurar da yarinya, a gida ake yankewa, galibi gwargwadon aljihun uba, duk da cewa Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta haramta aure kafin shekara 18.