Hanzarta Sarrafa Ƙunshin Bayanai a Linux

Hanzarta sarrafa ƙunshin bayanai na nufin dabarun rage wahalar da kwamfuta ke sha a kan kowane ƙunshi da ya shigo daga intanet. Layi mai gudun gigabit 10 na iya kawo ƙananan ƙunshi miliyan 14.88 a daƙiƙa guda, wato nanosakan 67 kacal ga kowanne.

A da, duk ƙunshin da ya iso sai katin sadarwa ya katse wa kwamfuta aiki. Idan suka yi yawa, sai ta ƙare a amsa kira, aiki ya tsaya cik. Tsarin NAPI, wanda Jamal Hadi Salim, Robert Olsson da Alexey Kuznetsov suka gabatar a 2001, shi ya magance wannan: bayan kiran farko sai a rufe katsewar, a riƙa kwasar ƙunshin jumla-jumla. Dabara ce mai sauƙi, amma ta yi tasiri ƙwarai.

Daga baya an ƙara wasu tsare-tsare a Linux: tsarin RPS na 2010 yana raba aikin ga ƙwaƙwalen na'ura, tsarin XDP na 2016 kuma yana yanke hukunci kan ƙunshi tun a bakin ƙofa, wato da zarar ya shigo ta katin sadarwa.